Bunsuru Tara a Rumfa Ɗaya

Likita ta ce yatsa kamar ƙyauren ƙarfe ne,
in ba a buɗe shi, tsatsa ke gaje shi.
Sai ta tara mu, mu tara, ran Talata,
a rumfar bayan asibiti, nan Bilbis,
ta zube mana kaba, guntayen fata,
waya, zare, da tsakiya cikin gwangwanin madara.

Mushe Tunau, mai shekara talatin da alli a hannu,
ya zo da takardar buruji duk ta sha ninki.
Ga rago, ga sa, ga zaki,
ga kifi biyu sun juya wa juna baya.
Ya ce kowa ya fiddo katinsa,
ranar haihuwa za ta ba shi dabbarsa.

Muka fiddo.
Ɗaya ga Janairu.
Ɗaya ga Janairu.
Na uku ma haka, har na tara.
Wanda ya rubuta mu bai tambayi uwar kowa ba.
Mushe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar:
bunsuru tara a rumfa ɗaya,
huɗu daga ciki da ɗankwali.
Hajo ta yi dariya har haƙorinta guda ya yi rawa.

Tsahara ta ce ita dai ba akuya ba ce,
an haife ta gero na bununi.
Mushe ya ƙirga da yatsu, ya ba ta zaki.
Nomau ya zo duniya sanyi na naɗe tabarma,
ya samu kifi, shi da ko miyarsa ba ya sha.
Arzika bai jira lissafi ba:
ran da aka haife shi kunama ta harbi ungozoma,
magana ta ƙare.

Ni inna ta ce ana shuka aka yanke min cibi,
ƙasa na ƙamshin ruwan fari.
Kaguwa, in ji Mushe.

Ina na taɓa ganin kaguwa a Tawa?
Shekara arba'in ina shanya cuku a kan zana,
ruwa mafi girma da na sani tabki ne.
Arzika, da ya ci ƙuruciyarsa a Abijan, ya ce:
ƙoƙo ne a kife mai almakashi biyu,
yana tafiya a karkace
kamar wanda ya hango mai binsa bashi.

Talata uku ina fama.
Kaba ta yanke ni, waya ta ƙi lanƙwasa,
tsakiyar ido ta faɗi cikin rairayi,
tsofaffi tara a duƙe muna nema
har likita ta leƙo ta ɗauka salla muke.
Da na gama, waya ba ta kai ba,
ƙafa ɗaya ta fi ƴan'uwanta gajarta.
Jikata ta ce gizo-gizo ne.
Na ce to, gizo-gizon teku.

Zakin Tsahara ya fito da fuskar kyanwa.
Kunamar Arzika ta yi kyau fiye da kima,
matarsa ta buge ta da takalmi da asuba.

Bagudu kaɗai ya yi bunsurun,
da gemun auduga da ƙahon waya.
Ya ce takardar nan ke ba shi kuɗin ritaya,
ba zai ƙaryata ta a gaban mutane ba.

Tawa kaguwar tana rataye a bakin ɗaki.
Da dare nakan ɗaga kai in nemi ta sama,
ban gane komai ba sai Kaza da ƴaƴanta.
Mushe ya ce dama dusu-dusu take,
ko mai ido sai ya yi haƙuri.

Jiya na zura zare a allura da kaina.
Sau shida na gwada.
Ban kira kowa ba.